Shin allon launi ya ƙara wa kwamfutocin aljihu na farko amfani, ko ado kawai ya ƙara musu?

Tsohon_Akawu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina gyaran wata tsohuwar akwati sai na ci karo da kwamfutocin aljihu guda biyu da na yi aiki da su kafin wayoyin zamani su cika gari, irin waɗanda muke ajiye lambobin mutane da jadawalin taro da ƙananan bayanai a cikinsu, muna rubutu a kan allonsu da ɗan tsinken roba. Ɗaya mai allon baƙi da toka ce, ɗayar kuma mai launi ce da na saya daga baya da kuɗi mai yawa. Ba zan ambaci kamfaninsu ba, domin ba na so maganar ta koma ta kamfani. Abin da na tuna da na riƙe su shi ne, mai launin ta burge duk wanda ya gan ta a ofis, amma a wajen aikin da aka saye ta dominsa ta kasa kamo ta farkon, saboda idan na fita rana ba na ganin komai a allonta, kuma kullum hankalina yana kan caji. Ra'ayina shi ne launin da aka sa wa waɗannan na'urori tsakanin 1999 da 2002 ya zo kafin lokacinsa, kuma koma baya ya jawo ga mai amfani da su. Ina so waɗanda suka riƙe su a wancan lokaci su gaya mini ko ni kaɗai na ga haka.

Injiniya_Fagge:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba kai kaɗai ba ne, amma ina ganin laifin ba na launi ba ne, na inda hasken allon yake fitowa ne. Allon baƙi da toka na irin su Palm III yana aron hasken wurin da kake ne: haske ya shiga ta gilashi, ya bugi wata shimfiɗa mai ƙyalli a baya, ya dawo idonka, don haka duk yadda rana ta ƙwalle rubutun sai ƙara fitowa yake yi, kuma ba ya cin wuta sai 'yar kaɗan. Shi ya sa ƙananan batura biyu suke kai mutum makonni. Da aka zo launi, sai aka raba kowane ɗigo na allon gida uku, ja da kore da shuɗi, kowanne da matatarsa, kuma waɗannan matatu suna shanye mafi yawan hasken da ya bi ta cikinsu. Daga nan masu ƙira suka rabu biyu. Wasu suka sa fitila mai ƙarfi a bayan allon, kamar yadda aka yi wa Palm IIIc da ta fito a Fabrairun 2000 da Visor Prism ta Handspring da ta biyo baya a shekarar, abin ya yi kyau ƙwarai a cikin ɗaki, amma fitilar ba ta iya gasa da rana. Wasu kuma suka bar allon yana aron haske, suka sa fitila a gefe don dare, kamar iPAQ ta Compaq ta shekarar 2000 da Palm m505 ta 2001, waɗannan sun karantu a waje, amma launinsu a cikin ɗaki bai kai na farkon armashi ba. Daga bayaninka, taka mai fitilar baya ce.

Ummu_Khalil:
Alhaji, da girmamawa, ni ban yarda cewa koma baya ba ne. A lokacin ina aikin jinya, kuma mafi yawan aikina na dare ne. Ina da Palm IIIc da yayana ya kawo mini daga Amurka, na sa mata manhajar duba magunguna da ma'auninsu. Wanda bai taɓa ƙoƙarin karanta allon toka a ɗakin marasa lafiya da aka rage wa fitila ba, ba zai gane darajar baƙin rubutu a kan farin allo mai haske ba. Allon toka yana da fitilarsa mai koren haske, gaskiya ne, amma a hasken da ba duhu ba ne sosai ba kuma haske ba ne, kamar na almuru ko na baranda, rubutun da bayansa sai su haɗe. Ni ba ja da shuɗi ne suka amfane ni ba, farin ne. Kuma ina ɗora ta a kan mazauninta na caji duk safiya idan na dawo gida, ban taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba.

Dan_Damagaram:
Hajiya a cikin gini take aiki, shi ya sa. Mu da muke bin ƙauyuka muna ɗaukar bayanan rijiyoyi, na ga abokin aikina yana lulluɓe kansa da rawani tare da na'urarsa mai launi kafin ya iya shigar da lamba ɗaya. A ƙarshe littafi da biro ya koma. Ina bayan Alhaji.

Malamin_Lissafi:
Akwai abin da nake so a ƙara a kan bayanin Injiniya, wato batun adadin launuka, domin da shi aka fi tallata waɗannan na'urori, kuma da shi aka fi ruɗa masu saye. Palm IIIc tana nuna launi 256 ne, iPAQ ta farko 4,096, Visor Prism kuma 65,536. Waɗannan lambobi ba haka kawai suka faɗo ba: biyu ce ake ninkawa a kanta sau 8, ko sau 12, ko sau 16, gwargwadon gurbin da aka ware wa kowane ɗigo a ƙwaƙwalwar na'ura. Mai saye yana ganin 65,536 sai ya ɗauka ta fi mai 4,096 kyau ninki goma sha shida, alhali idan jadawalin taro da lambar waya kake dubawa, launi 256 ma sun yi maka yawa. Bambancin yana bayyana ne kawai a hoto, inda sararin sama ko fuskar mutum take fitowa da layi-layi idan launukan sun yi kaɗan.

Har ila yau lambobin da aka buga a jikin kwali ba kullum suke daidai ba. A shekarar 2000 kamfanin HP ya amsa cewa Jornada ɗinsa ta jerin 540, wadda aka tallata da launi 65,536, a zahiri 4,096 take nunawa, ya kuma ba masu saye damar mayarwa su karɓi kuɗinsu. A 2002 irin haka ya faru da Palm m130, kamfanin ya fito ya ce allon bai kai adadin da aka faɗa ba. Abin da ya fi jan hankalina a cikin labaran biyu shi ne an ɗauki lokaci mutane suna amfani da na'urorin kafin maganar ta fito fili, wanda yake nuna cewa idon yawancinmu ba ya ƙirga launi, haske da kaifin rubutu yake ji.

Baba_Zangon_Kumasi:
Ƙaramin gyara nake da shi, domin na ga maganar tana tafiya kamar Palm IIIc ce ta fara launi. Ita ce ta farko a gidan Palm, amma Casio ya riga ya fitar da Cassiopeia E-100 a 1999, mai aiki da tsarin Microsoft da ake kira Windows CE, da allo mai ɗigo 240 a faɗi da 320 a tsawo da launi 65,536, kuma a ƙasar Japan kamfanin Sharp ya sayar da Zaurus mai launi tun 1996. Na riƙe Cassiopeia ta wani ɗan uwa a Accra, har yau ina tuna kyan hoton da ke allonta a cikin ɗaki. Ita ma dai mai fitilar baya ce, don haka tana cikin rukunin farko da Injiniya ya faɗa.

Injiniya_Fagge:
Na gode, Baba, gyaranka daidai ne. Kuma tunda Malamin_Lissafi ya kawo Jornada da m130, akwai wani rabe-rabe da na tsallake. Allunan launi iri biyu ne ta fuskar yadda ake kunna ɗigo. A irin da ake kira TFT kowane ɗigo yana da ɗan makunninsa da ke riƙe shi a yanayin da aka sa shi, shi ya sa hoton yake tsayawa da kaifi. A ɗaya irin, mai rahusa, layi-layi ake bi ana kunnawa, don haka launin yana yin fari-fari, abu mai motsi yana barin inuwa a bayansa, kuma idan ka ɗan karkata na'urar sai launin ya sauya. Jornada 540 da m130 duka wannan iri na biyu suke da shi. Saboda haka idan mutum biyu suka ce sun yi amfani da mai launi a shekara ɗaya, mai yiwuwa ne abin da idanunsu suka gani ya yi nisa da juna ƙwarai.

Mai_Gyara_Sabongari:
Ni ta hannun gyara na san su, domin bayan wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 an riƙa kawo mana irinsu na hannu a haɗe da kayan waya. Abin da ba a ambata ba tukuna shi ne shimfiɗar taɓawa da ke saman allon. Ba irin ta wayoyin yau ba ce da ke jin fatar yatsa. Leda ce mai ɗan tauri a kan gilashi, da ɗan sarari tsakaninsu, sai ka danna sun haɗu sannan na'urar ta san inda ka taɓa. Wannan leda tana rage haske, tana kuma ƙyalli, don haka ko allon da ke ƙasa mai kyau ne, sai ta ɗan dusashe shi. Sannan tana karcewa. A na'urorin Palm akwai wani ɗan fili a ƙasan allo inda ake rubuta haruffan Graffiti, wato salon rubutun hannu na musamman da na'urar take ganewa, kuma kusan duk wadda aka kawo mini, wajen ya yi dabbare-dabbare saboda yawan bin tsinke, musamman idan ƙurar hunturu ta kwanta mutum bai goge ba ya ci gaba da rubutu a kai, ƙurar ta zama kamar yashin goge katako. Wasu suna manna leda ta kariya, ita ma ta ƙara cin haske.

Matsala ta biyu ita ce kaucewar saiti: ka taɓa nan, na'urar ta amsa can gefe, sai ka sake bin gicciyen saiti a kusurwoyi. Ta uku, masu fitilar gefe ƙura tana shiga tsakanin gilashi da allo, kuma da yake hasken daga gefe yake zuwa, kowane ƙwayar ƙura sai ta haska kamar tauraro. An yi ta ƙorafin wannan a kan iPAQ na farko har a ƙasashen da ba su san hunturunmu ba.

Hadiza_Edita:
Ina so in ja maganar zuwa ga karatu, domin ni abin da na fi yi da tawa ke nan. A ganina yawan ɗigo ya fi launi muhimmanci nesa ba kusa ba. Palm IIIc da Visor Prism da m505 duka ɗigo 160 a kan 160 suke da shi, jimilla 25,600, daidai da na baƙi da toka da suka gada, wato an ƙara launi amma ba a ƙara kaifi ba. A kan farin allo mai haske ma sai murabba'in ɗigon ya fi fitowa, har kana ganin siraran layukan da ke tsakaninsu kamar ragar sauro. Na'urorin Pocket PC, wato masu aiki da tsarin Microsoft irin su iPAQ da Jornada, suna da 240 a kan 320, wato 76,800, ninki uku ke nan, kuma manhajar karatu ta Microsoft Reader ta zo da wata dabara mai suna ClearType, wadda take amfani da ɓangarorin ja da kore da shuɗi na kowane ɗigo daban-daban don gyara gefen harafi. Wannan wuri ne da launi ya yi wa rubutu hidima kai tsaye, domin a allon toka dabarar ba za ta yiwu ba. Da Sony ya kawo Clié mai ɗigo 320 a kan 320 a 2001, a nan ne na fara jin cewa zan iya karanta dogon rubutu ba tare da idona ya gaji ba.

Dalibi_BUK:
Anti Hadiza, tambaya nake da ita duk da ban riski zamanin ba. Ana iya rubuta Hausa daidai a cikinsu, wato da ƙ da ɗ da ɓ?

Hadiza_Edita:
Ba a iyawa kai tsaye, ƙanena. Haruffan da tsarin Palm ya zo da su na harsunan Yammacin Turai ne, akwai masu wasali da alama a ka irin na Faransanci da Jamusanci, kuma Graffiti tana da hanyar rubuta su, amma haruffanmu masu lanƙwasa ba sa ciki. Mun riƙa sa waƙafi a gefen harafi, ko mu bar shi haka mu dogara da ma'anar jimla. A jerin sunaye abin yana da illa, domin ƙofa da kofa, ko ɗaki da daki, sai su zama abu ɗaya a ido. Larabci ma sai an sa ƙarin manhaja kafin ya fito daga dama zuwa hagu, kuma a allo mai ɗigo 160 wasulan suna cunkushewa.

Baba_Zangon_Kumasi:
Wannan batu na Larabci gaskiya ne. Na ga wani malami da ya sa Alƙur'ani a cikin tasa, ya ce mini ba ya iya dogara da allon wajen bambance fataha da damma sai don ya riga ya haddace. Da ya sami mai ɗigo 320 sai ya daina wannan magana.

Tsohon_Akawu:
Na ƙaru ƙwarai, amma ku ba ni dama in dawo da mu kan tambayar. Hajiya Ummu_Khalil ta nuna mini cewa na yi hukunci da irin aikina ne kawai, na karɓi wannan. Sai dai akwai abu ɗaya da har yanzu nake riƙe da shi. Waɗannan na'urori suna ajiye bayanan mutum ne a ƙwaƙwalwar da take buƙatar wuta a kowane lokaci, idan batir ya mutu ƙurmus ya daɗe a haka, komai ya tafi. Da mai allon toka, idan ta yi gargaɗi sai in sayi batura biyu a kowane shago in sauya cikin minti ɗaya. Mai launin kuwa batirinta a ciki yake, sai an caja. Akwai wata tafiya da na yi ta kwana tara zuwa wani gari da babu wuta a lokacin, na dawo na tarar da ita babu suna ko ɗaya. Abin da ya cece ni shi ne kwafin da ke cikin kwamfutar ofis, wanda ya tsufa da wata guda. Fitilar allon ce ta jawo wannan buƙata ta caji, don haka ban ga yadda za a raba maganar kyan allo da maganar amincin na'urar ba.

Ummu_Khalil:
Wannan kam ba ni da ja a kai, Alhaji. Ni ina cikin birni kuma wurin aikinmu yana da janareta. Da a ƙauye aka tura ni, da wataƙila ina cikin masu goyon bayanka.

Malamin_Lissafi:
Amma kada a manta cewa kamfanonin sun ji wannan kuka, kuma ƙoƙarin amsa shi ne ya haifi m505. An yi ta siririya kamar Palm V, aka ba ta allo mai aron haske don batir ya daɗe kuma a karanta a rana. Sai masu saye suka juya suka ce allon ya yi duhu a ofis, wasu ma suka ce sai an kunna fitila ake gane mai launi ce. A 2002 aka fito da m515 da fitila mai ƙarfi wadda ake iya ragewa ko ƙarawa. Wato an ba jama'a irin abin da Alhaji da Dan_Damagaram suke nema, mafi yawan masu saye kuma suka nuna irin na Hajiya suke so, domin a cikin shago mai fitilu ake gwada na'ura kafin a biya, ba a tsakar rana ba.

Dan_Damagaram:
Masu sayen da aka saurara ma'aikatan ofis ne na Amurka da Turai. Ba a tambayi mai aiki a ƙarƙashin ranar watan Afrilu ba.

Dalibi_BUK:
To Injiniya, me ya hana a haɗa dabarun biyu a allo ɗaya tun farko?

Injiniya_Fagge:
An haɗa, sai dai ya ɗauki lokaci kafin ya yi araha ya kuma yi kyau. Akwai allon da shimfiɗarsa ta baya take mayar da wani kaso na hasken waje, take kuma barin hasken fitilar baya ya ratso, don haka a ɗaki yana aiki kamar na Hajiya, a rana kuma kamar wanda Dan_Damagaram yake nema, ko da yake a kowane ɓangare yana ɗan sadaukar da wani abu. Daga 2002 ya fara yaɗuwa, misali a jerin iPAQ H3900, kuma cikin ɗan lokaci ya zama abin da aka saba gani a Pocket PC da Palm. Shi ya sa shekarun da Alhaji ya iyakance, 1999 zuwa 2002, sun dace da matsalar. Inda na bambanta da shi shi ne cewa launin ya zo kafin lokacinsa. A fahimtata, ba don an sayar da waɗancan na farko an ji ƙorafin mutane a kansu ba, da ba a san wanne ɓangare ya kamata a gyara ba. Wayoyin yau ma ba su warware matsalar rana da dabara ba, ƙarfin haske suka ƙara da girman batir, shi ya sa har yanzu muke caji kullum.

Hadiza_Edita:
Ni dai har yanzu ina ganin da a shekarar 2000 an ba ni zaɓi tsakanin launi 65,536 a ɗigo 160 da allon toka mai ɗigo 320, na biyun zan ɗauka. Amma na san masu duba taswira da masu nuna hoton kaya ga abokan ciniki ba za su bi ni ba.

Mai_Gyara_Sabongari:
Alhaji, kafin ka gwada kunna waɗanda ka samo, ka fara duba bayan mai launin. Idan murfin ya ɗan taso ko ya buɗe ta gefe, batirin ya kumbura ke nan, kada ka sa mata caji, ka ajiye ta a wuri mai sanyi nesa da kayan da wuta ke kamawa har a cire shi. Ita kuwa mai allon toka, ka buɗe gidan batir ka gani ko an manta tsofaffi a ciki sun zubar da farin gari a kan ƙarafan. Idan haka ne, a goge da auduga da ɗan ruwan lemun tsami, a bari ya bushe sarai, sannan a sa sababbi.

Tsohon_Akawu:
Na duba yanzu. Gidan batirin mai tokar a tsabtace yake, na sa sababbi ta kuma kunnu, tana neman in taɓa gicciyen saiti. Murfin mai launin ya ɗan taso ta ƙasa, don haka na ajiye ta a gefe kamar yadda ka ce. Gobe in Allah ya kai mu zan fita da mai tokar tsakar gida da azahar in ɗauki hoton allonta in turo, domin Dalibi_BUK ya ga abin da muke nufi da aron haske.